Akwatin Tambaya: Wa ya ce eh, wa ya ce a'a?

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk wuri guda suka dosa, kamar an haɗa baki. Na zaɓi huɗu. Ta farko ce ta cinye fili, sauran ku yi haƙuri da abin da ya samu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Illela. Kwana uku ke nan muna gardama a majalisarmu ta bayan isha'i kan dokokin harajin ga da anka yi. Wasu sun ce ɗan majalisarmu na tarayya ya goyi baya, wasu sun ce shi ma aka ta faɗa da shi a kai. Yarona ya ce komi na cikin waya. Munka ba shi waya, ya danna, ya danna, har caji ya ƙare, ba mu ga komi ba. Shin akwai inda aka rubuta ƙuri'ar da kowane ɗan majalisa ya jefa? In akwai, mi za mu rubuta ta fito?
Daga wani mai karatu, Illela.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka sassauta wa yaron nan, bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa. Waya tana fito da abin da wani ya taɓa rubutawa ya ajiye ne. Abin da ba a rubuta ba, ko kwana ka yi kana dannawa, ba za ta haifo maka shi ba. Ƙuri'ar da kuke nema kuwa ba a rubuta ta da sunan kowa ba.

Majalisar Dattawa kujera 109 gare ta, ta Wakilai 360. Mu Sakkwatawa muna da uku a ta farko, 11 a ta biyu. Sai dai mafi yawan abin da suke zartarwa da murya ake yi. Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su amsa, su ɗauki murya. Ya ce masu ƙi su amsa, su ma su ɗauka. Sai ya auna da kunnensa wace ta fi amo, ya buga guduma, an wuce wurin ke nan. Shekarun baya, lokacin ina ɗauko rahoto, na taɓa zama a benen 'yan kallo a Abuja, na ƙura wa mutum guda ido, na ce yau sai na ga motsin bakinsa. Aka zo tambaya, zaure ya ɗauka gaba ɗaya, shi kuwa gogan naka kansa na sunkuye yana sa hannu a wata takarda da aka miƙo masa daga baya. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. In ya dawo gida ya ce ya goyi baya, ba mai ƙaryata shi. In ya ce ya ƙi, haka nan.

Dokokin harajin da kuke gardama a kansu guda huɗu ne. Shugaba Tinubu ya aika da su majalisa a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka zauna a Kaduna ƙarshen watan suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon kuɗin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, ba, aka yi ta kai ruwa rana, aka yi gyare-gyare, ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Da murya aka zartar da su. Ka ga ke nan duk wanda ya rantse maka a majalisarku cewa ya ga ƙuri'ar wane, ka tambaye shi a ina ya gani.

Abin ma ya wuce nan. A Maris ɗin 2025 da aka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun amince, wato sanata 73 da wakili 240. Lissafi ne da ke buƙatar ƙirge, amma shi ma da murya aka yi. Sanata Aminu Waziri Tambuwal na cikin waɗanda suka fito daga baya suka ce adadin bai cika a Majalisar Dattawa ba. Ni dai har yau ban gano yadda kunne ke ƙirga 73 ba.

To amma akwai ranakun da bango ke tsagewa. In wani ɗan majalisa ya ƙalubalanci hukuncin shugaba, yana iya neman a ƙirga kowa da sunansa. Haka ta faru a Yulin 2021, kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Enyinnaya Abaribe, jagoran marasa rinjaye a lokacin, ya kafe, dole aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya kowa ya miƙe ya faɗi nasa. Mutum 52 suka zaɓi a ɗaure hukumar zaɓe da sharaɗin amincewar hukumar sadarwa da majalisa, 28 suka ƙi, 28 kuma ba su cikin zaure. Jaridu suka buga sunayen jiha-jiha, kuma jerin yana nan har gobe. Ka ce yaronka ya rubuta "how senators voted electronic transmission 2021" a Google, ya gangara zuwa Sokoto. Ni jerin waɗanda ba su nan ya fi ɗaukar hankalina, domin akwai waɗanda da safe an gan su. Ka lura kuma, bayan sunayen nan sun fita duniya aka yi ta tofin Allah tsine, cikin Oktoban shekarar majalisar ta janye sharaɗin. Wannan kaɗai ya ishe ka gane dalilin da ya sa ba a cika son ƙirge ba.

Yanzu sai abin da za ku iya samu, tunda ƙuri'ar ba ta samuwa: maganar bakinsa. Kowane ƙudurin doka sai ya bi karatu uku, kuma a karatu na biyu ake tafka muhawara. Wanda ya miƙe ya yi magana a nan, maganar tana shiga kundin da ake kira Hansard, tana shiga bidiyon zaman da ake watsawa kai tsaye ya zauna a YouTube, in ta yi zafi ta shiga jarida. Akwai kuma takardar da ake kira Votes and Proceedings, wadda ke taƙaita abin da aka yi kowace rana, da sunan wanda ya kawo ƙuduri da wanda ya mara masa baya. Ana ɗora su a shafin majalisar, nass.gov.ng, ko da yake ba kullum ake samunsu a kan lokaci ba. Ƙungiyar PLAC, mai sa ido kan aikin majalisa, tana da rumbun da ke bin kowane ƙudurin doka da lambarsa da matakin da ya kai, takwararta OrderPaper kuma takan fitar da lissafin yawan ƙudurorin da kowane ɗan majalisa ya gabatar.

Ga abin da yaronka zai yi. Ya sa cikakken sunan mutumin cikin alamar zancen wani, don kada Google ya watsa masa sunan ya kawo duk wani mai rabinsa. Ya ƙara sunan mazaɓa yadda ake rubuta ta a can, wato Illela/Gwadabawa, domin 'yan jarida sukan manna ta a jikin suna. Ya ƙara kalmar batun da Turanci, sannan ya sake gwadawa da Hausa, ya sa "haraji", domin abin da mutum ya faɗa wa Daily Trust ba lallai ya zama shi ya faɗa wa BBC Hausa ko Aminiya ba, kuma a tsakanin biyun nan ake kama mutane. In sakamako ya yi yawa, ya rubuta after:2024-10-01 before:2025-07-01 a ƙarshe, sai a tace masa abin da ya fito tsakanin ranakun nan kawai. In jarida guda yake son tonawa, ya rubuta site, ya sa ruwa biyu, ya liƙa adireshinta ba tare da barin fili ba. In takardar majalisa ya buɗe mai shafi hamsin, kada ya wahalar da idonsa, akwai wurin neman kalma a cikin takarda, ya sa sunan nan take za ta kai shi.

Hattara da suna, Alhaji, a nan na taɓa shan kunya. Mu nan Muhammad ɗaya sai a rubuta shi hanya huɗu, ga Mohammed, ga Muhammadu, ga Moh'd. Abubakar, Aliyu, Bello da Umar kuwa kowace jiha ta Arewa tana da nata. Na taɓa tsintar wani jawabi mai zafi da sunan wani wakilinmu, na ɗauka har teburin mai shayi a Gawon Nama ina karanta wa mutane, ina kaɗa kai, ana salati. Wani dattijo da ke gefe yana fifita shayinsa ya ce, "Malam, karanto mana ƙasan sunan." Na gangara, sai ga mazaɓar wata jiha can daban. Takwara ne. Kuɗin shayin kowa ni na biya ranar, kuma tun daga nan ba na karanta suna sai da mazaɓarsa.

In kun yi duk wannan ba ku ga komai ba, kada ku ce ya goyi baya, kada ku ce ya ƙi. Abin da kuka samu shi ne ba a ji bakinsa a fili ba. A zaure mai mutum 360 ba kowa ke samun a kira shi ba, aiki da yawa kuma a kwamiti ake yi inda ba kyamara. Amma batun da ya hana Arewa barci wata takwas, a ce mutum bai furta ko kalma a zaure ko a rediyo ba, wannan ma tambaya ce da ya cancanci a yi masa ido da ido ranar da ya zo ta'aziyya ko ɗaurin aure.

TAMBAYA: Malam, an turo mini wani bidiyo a zauren WhatsApp na malaman makarantarmu. Wani ɗan siyasa ne yake cewa karatun 'ya'ya mata ba shi ne gabanmu ba. Raina ya ɓaci matuƙa, har na tura wa mutum goma. Daga baya wata ta ce yanke shi aka yi. Yaya zan gane?
Daga wata malamar firamare, Mabera.

AMSA: Malama, da farko ki koma wa mutum goman nan ki ce su dakata. Tsawon bidiyon nawa ne? In bai kai rabin minti ba, kuma ya fara a tsakiyar magana ya ƙare a tsakiyar magana, to akwai hannun mai almakashi. Abu ne mai sauƙi mutum ya ce "akwai masu cewa karatun 'ya'ya mata ba shi ne gabanmu ba, ni kuwa na ce ƙarya ne", a sare kai a sare wutsiya a bar miki tsakiya.

Ki tsayar da bidiyon inda fuska da bango suka fito sosai, ki ɗauki hoton allon wayarki, ki sa shi a Google Lens, wato manhajar bincike da hoto. Sau da yawa zai kai ki inda aka fara ɗora shi, da kwanan wata. Wani lokaci ki tarar maganar shekara shida ce aka tono aka sa mata sabuwar riga. Ki dubi tambarin da ke jikin makirfo, in na wata tashar ne, ki je shafinta ki nemi cikakkiyar hirar. Ki kuma ɗauki jimla ɗaya daga bakinsa, ki rubuta ta cikin alamar zancen wani ki bincika. Masu tantance labarai irin su Dubawa suna aiki har da Hausa, mai yiwuwa sun riga ki.

Yanzu kuma ga kwaikwayon murya da na'ura ke yi, wanda ya fi almakashi haɗari. Ki kalli leɓɓa ko suna tafiya da sauti. Ki saurari harshen kuma, a nan Allah Ya ba mu sa'a. Mutumin da kika san duk rayuwarsa "munka" da "sunka" da "wanga" yake yi in ya sake, sai ki ji shi yana zuba Kananci tas babu gargada, ki sa alamar tambaya.

In kuwa kin bincika kin tarar ya faɗa ɗin, to ki ajiye adireshin cikakkiyar hirar da ranarta, ba guntun ba. Shi guntu ana musun sa. Su ma 'yan siyasar suna goge abin da suka rubuta in iska ta juya, shi ya sa ake da Wayback Machine, wani rumbu da ke adana tsofaffin shafuka, har ke ma kina iya ba shi adireshi ki ce ya adana miki yau.

TAMBAYA: Yallaɓai, me zai sa in sha wannan wahala alhali zan iya tambayar ChatGPT ya ba ni tarihin ƙuri'un sanata cikin daƙiƙa biyar?
Daga wani ɗalibi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Dundaye.

AMSA: Ɗana, zai ba ka, har da kwanan wata da lambar ƙuduri, cikin Turanci mai santsi. Matsalar ita ce irin waɗannan manhajoji sukan ƙi cewa ba su sani ba, sai su cike giɓi da abin da ya yi kama da gaskiya. Ka karanta amsar da na ba Alhajin Illela: ƙuri'ar da ba a rubuta ba, daga ina manhaja za ta samo ta? A Amurka da Ingila ana rubuta sunaye a manyan ƙuri'u, shi ya sa shafuka irin su Congress.gov da TheyWorkForYou suke da abin nunawa. Mu namu rumbun da sauran fili. Ka yi amfani da ita ta taƙaita maka doguwar takardar da kai ka ba ta, ko ta fassara maka Turancin lauyoyi. Duk abin da ta ce wane ya yi, ka ce ta ba ka inda ta gani, ka buɗe da hannunka. In bai buɗu ba, kada ya shiga aikin da za ka miƙa wa malaminka.

TAMBAYA: Malam, duk zancenku na Abuja ne. Mu namu na majalisar jiha ne ya yi mana alkawarin rijiyar burtsatse da gyaran ɗakin shan magani tun lokacin kamfe. Mun duba waya ba mu ga ko sunanshi ba. Mi ad dabara?
Daga wani manomi, Kware.

AMSA: Baba, ka yi gaskiya, kuma a nan waya ta fi gazawa. Majalisar dokokin jiharmu mutum 30 ce, abin da ake ɗorawa na zamanta a intanet kuwa bai taka kara ya karya ba. Sai batu ya yi ƙara sosai jaridun ƙasa ke waiwayowa, kamar gyaran dokar da ta shafi naɗin hakimai a 2024, wanda aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a kansa. Sauran ranaku sai abin da Rima Radio ko Vision FM suka ɗauko, sai kuma abin da yaran ɗan majalisar suka liƙa a Facebook. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Ka sa wani yaro ya shiga shafin mutumin ko na masu tallata shi, akwai wurin bincike a cikin shafin kansa, ya rubuta "burtsatse" ko sunan ƙauyenku. Lokacin kamfe ba abin da ba su ɗorawa, kuma sukan manta su share.

Sai ka bambance abu biyu. Ɗan majalisa ba shi ke riƙe da baitulmali ba, nasa shi ne ya sa aiki cikin kasafi ya kuma bi sawunsa. Don haka tambayar farko ita ce, rijiyar ta shiga kasafin kuɗi ko a bakin dandamali ta tsaya? Kasafin jiha ana wallafa shi, takarda ce mai ɗaruruwan shafuka, amma neman sunan ƙauye a cikinta aikin minti biyu ne. In aikin na tarayya ne, an yi shekaru ana ware naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu, kuma Tracka, shirin ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin kuɗi, tana bin su gari-gari, hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ma ta shiga bin su tun 2019. In ka ga sunan ƙauyenku da kuɗi a gabansa, ƙasa kuwa ba rijiya, to ka samu abin riƙewa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wasiƙar mai tambaya, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan jihohi ma. Ba na ce za a amsa maka cikin kwana bakwai ba. Na ce dai kana da hurumin tambaya, kuma kwafin da aka buga wa hatimin karɓa yana da nauyi a hannu.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa riƙe waya mai shafawa ba. Yana da wani littafin rubutu mai bango ja da yake ajiyewa ƙarƙashin rediyonsa. Tun zamanin Shagari, duk ɗan siyasar da ya yi alkawari a rediyo ko a dandali, sai ya jawo shi ya rubuta da ajami: suna, rana, wuri, abin da aka ce, da mutum biyu da suka ji. In an cika, ya ja layi a kai. Na ga ranar da wani ɗan takara ya zo gaishe shi a zaure neman zagaye na biyu. Tsoho ya bari aka gama gaisuwa, aka sha ruwa, sannan ya sa tabarau ya buɗe shafi ya karanto masa maganarsa ta shekara huɗu baya, da sunan gadar da ranar kasuwar da aka yi ta. Bai ɗaga murya ba. Mutumin ya cire hula ya mayar har sau biyu.

Irinsa nake so ku buɗe a Kware, Baba, ku damƙa shi hannun mutum guda amintacce, yaranku kuma su riƙa ɗaukar murya da waya ranar taro suna rubuta kwanan wata a jiki. Wasiƙar neman bayanin kuwa, in kun rubuta, ku aiko mini ta wannan akwati in duba muku kafin ku kai. Ku yi kwafi biyu, ɗaya a karɓa, ɗaya a buga muku hatimi ku dawo da shi gida.